Wakili Mai Haɗa Ruwan Ƙarshe

Da an idar da sallar asuba, Malam Wakili yakan zagaya bayan masallacinmu na unguwar New Bell a Duwala ya duba randunansa. Ruwan rijiyar unguwar nan da laka yake fitowa. Yakan jefa ɗan alif a ciki, ya bar lakar ta kwanta, ya tsiyaye na sama ta farin ƙyalle. Ko an yi rasuwa ko ba a yi ba, ruwa na nan. Shi ke haɗa ruwan wankan gawar mazanmu tun ina da ƙarfin ɗaukar buhu a tashar jiragen ruwa. Yanzu hannunsa rawa yake yi. 'Yarsa Bilkisu za ta ɗauke shi zuwa Bonaberi, can ƙetaren gada, kuma babu wanda ya koyi aikin.

Ban yi boko ba, amma na zauna na kalla. Garin magarya daga arewa ake aiko masa. Yakan kaɗa shi har ya yi kumfa, ya tace, don kada ganye ya maƙale a gemun mamaci. Kafur kuwa ba ya yarda da ruwa. Ka jefa shi, sai ya taso sama yana yawo. Wakili yakan niƙa shi ya koma kamar toka, ya zuba a ruwan ƙarshe, ya yi ta motsawa har a gama. Da ya tsaya, sai su rabu.

Wata damina ambaliya ta cika rijiyoyi da ruwan kwata, ta kifar da randunan. Ran nan wani ɗan dako ya rasu, baƙo, ba shi da kowa a Duwala. Wakili ya samo ruwa jajir, ya zauna yana jiran ya kwanta. Husaini mahauci ya gaji da tsayuwa.

"Malam, vite mana, yi sauri! Ruwa ai ruwa ne. Wa zai zo ya duba?"

"Husaini, mutumin nan ya sha laka da ransa. Ba zai tafi da ita ba. In namanka na jira, je ka."

Husaini bai tafi ba. Shi ya riƙe ƙyallen.

Wakili, kai ne mai haƙurin da ba mu da shi. Kai ka wanke mahaifina, ka wanke ɗana. Ban taɓa ce maka na gode ba, ba halina ba ne. Yau na faɗa. Allah ya saka maka.

Ku kuma samarin unguwa, masu zaman shayi da gardamar ƙwallo, mutumin yana nan bai haye gada ba tukuna. Bakinsa lafiya lau, zai gaya muku. Wani ya je ya zama hannunsa.

Ni ban saba roƙo ba. Na girme shi, na ɗauka shi zai wanke ni. Yanzu ban san wa zai yi ba.