Ranar da Isah Wanzami Ya Mayar da Aska Zabira

Duk wanda ya biyo ta bodar Jibiya zai ga wani tsoho a gindin dalbejiya, daidai inda manyan motoci ke layi, yana yi wa direbobi gyaran fuska. Shi ne Isah Wanzami. Ni ɗan kabu-kabu ne, na san shi tun lokacin da ba a suna a unguwarmu sai da shi. Aski, ƙaho, kaciya, duk gadonsa ne. Ba shi da yawan magana, sai yawan tsaki, kuma in yana maka aski ka motsa, sai ka sha ranƙwashi ko kai wane ne.

Shekara huɗu ke nan da Salmatu, matar Uwaisu mai awon gero, ta haifi 'ya mace da wani ƙullutu tsakanin idanunta, kamar ƙaramar gwaiba. Ranar suna aka raɗa mata Mariyamu, aka miƙa wa Isah ita a zaure. Yana gama askin sai uwar Uwaisu ta leƙo.

"Sarkin Aska, tunda ga ka ga ƙarfe, tsaga mana abin nan shi tsiyaye."

Isah ya ɗora yatsa a kai. Abin da laushi, yana ɗan bugawa, kuma da jaririyar ta tsala kuka sai ya ƙara cika. Ya goge askarsa ya mayar da ita zabira.

"Hajiya, wanga ba maruru ba ne, da ƙwaƙwalwa yake haɗe. Na taɓa ganin irinshi a hannun tsohona, da ya tsaga shi farin ruwa ya fita, yaron bai kwana uku ba. Ku tahi da ɗiyar ga babban asibiti, Katsina."

"Mi? Jaririyar kwana bakwai? Ka dai ce hannunka ya fara rawa."

Ya juya wajen uban. "Uwaisu, ɗana, don girman Allah kar ka bari ƙarfe ya taɓa ta." Uwaisu ya sunkuyar da kai, don bai saba musu da uwarsa ba.

Wata biyu suna ta shafe-shafe da hayaƙi, abin na ƙara girma. Sai aka ba su labarin wani wanzami a wani ƙauye tsallaken boda, wai hannunsa ba ya tsoro. Ni na kai su. Ni ɗin nan, da na ji abin da Isah ya faɗa da kunnena, na ɗauki tsohuwar da Salmatu da goyonta, muka kama hanya. Salmatu na kuka tun daga shingen kwastan har muka isa. Har yau in na tuna sai na ji na tsani kaina.

Kwana biyu Mariyamu ta yi bayan tsagar. A na uku muka kai ta makwancinta.

Ka san abin da mutanen unguwarmu suka ce a zaman makoki? Wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, da Isah ya tsaga tun abin yana ƙarami da ba a kai ga haka ba. Ina zaune ina ji. Isah ma yana wurin, ya yi addu'a ya tashi. Daga nan gidajen suna suka fara ɗauke masa ƙafa ɗaya bayan ɗaya, aka ce tsufa ya sa masa tsoro, har ya koma gindin dalbejiya.

Na taɓa tambayarsa ko ya yi nadama. Ya yi tsaki. "Nadamata guda, ban saɓi ɗiyar nan na kai ta Katsina da kaina ba."

Bara Salmatu ta sake haihuwa, namiji lafiyayye. Ranar suna, wancan wanzamin na tsallake aka aika a ɗauko.