Tutar da Ban Ɗaga Ba

Na fi shekara goma ina ɗaukar biro ina ajiyewa a kan wannan magana. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron a ce dattijo ya rasa abin damuwa sai wasan Turawa. Amma abin ya ƙi barina.

Lokacin da nake dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda, injiniyoyin kamfaninmu kan buga zari-ruga duk Alhamis bayan la'asar, a wani filin rairayi bayan sito. Ƙwallon kamar gwanda take. Mutum zai rungume ta ya ruga, amma in zai miƙa wa ɗan'uwansa, sai dai ya jefa baya. Ni nake zuba farar ƙasa a layukan filin, sannan in zauna kan tsohuwar taya in yi kallo. Iskar teku na kaɗawa, jirgi na kuka can nesa, ƙwallo ta tashi sama ta daɗe tana juyi kamar ta manta da ƙasa. Har yau in na rufe ido ina ganinta.

Alƙalin wasan ya fi komai burge ni, wani ɗan siririn likita. Ƙatti masu wuyan bijimi, da ya busa usur sai su ja da baya, babu musu. Kyaftin kaɗai ke yi masa magana, shi ma da ladabi.

Wata Alhamis muka kara da wani kamfani a kan kofi, mai riƙe tutar gefe kuma bai zo ba. Likita ya miƙo mini tutar, ya yi dogon Turanci. Direban kamfaninmu, haifaffen Jidda mai Hausa rabi Larabci, shi ya fassara.

"Ya ce in sun fita ka ɗaga. Halas."

"Iyakarta ke nan? Na ga ya daɗe yana magana."

"Ya Hajji, tuta aka ba ka, ba limanci ba. Yalla!"

Dab da tashi, ɗan wasanmu ya taho da ƙwallo ta gefena. Ƙafarsa ta sauka a kan layi, har farar ƙasa ta yi tsalle. Na gani da idona. To, ni da ƙwallon ƙafa na girma, inda layi cikin fili ne, sai na bar tutar a ƙasa. Ya wuce ya dangwala ƙwallon a bayan layin ƙarshe, muka ci.

Wanda ya biyo shi, wani ɗan wancan kamfanin mai jan gemu da wawulo, ya tsaya ya dubi sawun, ya dube ni. Da aka tashi ma har ya ba ni hannu.

Bayan makonni na ga an ɗaga wa wani tuta a kan irin wannan takun. Nan take na je wajen direba.

"A wasan nan taka layi fita ne," in ji shi. "Ai likita ya faɗa ranar."

"Ka kuwa faɗa mini?"

"Mafi mushkila, babu damuwa, Hajji. Kofin ma gwangwani ne."

Na ja shi gaban likita na yi bayani. Likita ya yi murmushi, ya ce abin da usur ya yanke ba ya dawowa. Limaminmu na unguwar Sa'alaba ya ce tunda ba da gangan ba ne, babu laifi. Na yarda da su duka. Amma wancan kamfanin ya riga ya gama kwangila ya tafi, mai jan gemu ya koma ƙasarsu yana zaton an ba ni amana na ci don in faranta wa iyayen gidana. Wani lokaci nakan yi mafarkin filin. Rana ta yi ja a kan ruwa, kowa ya tsaya cak yana jirana, hannuna kuma ya yi nauyi.

An ce wasan yana da hukuma mai rubuta dokokinsa. Don Allah, wanda ya sani ya faɗa mini ko tana karɓar gyaran tsohon sakamako, da yadda ake rubuta mata. Wanda kuma ya yi aiki a tashar a wancan zamani, in ya san ƙasar mutumin nan, ko yana raye, ya taimaka ya sanar da ni. Ina so ya ji cewa na ga ƙafar, dokar ce ban sani ba.