Hutun da Yayana Ya Zo Mana da Mutumin Roba

Yayana likitan soja ne. Shekarar da aka ba shi hutun karatu ya dawo gidanmu na Ƙofar Jatau, mun ɗauka mun rabu da layin asibiti ke nan. Inna har ta aika wa dangi cewa duk mai ciwo ya taho.

Ya iso da wata doguwar jaka, direba na kama masa. Da aka zuge ta a tsakar gida sai ga mutum kwance, ba gashi, ba ƙafafu, baki a buɗe. Inna ta yi salati, ta ja da baya har ta ture buta.

"Roba ce, Inna," in ji Yaya. "A kansa ake koya wa likitocin soja aiki yanzu."

"To madalla," ta ce. "Marasa lafiya sun ƙare a ƙasar ke nan."

Bayan ya ci tuwo ya yi mana bayani. Bincike yake yi a kan yadda ake horar da likitocin soja. Ya ce da can a jikin majinyaci ake koyo, yanzu kuwa an karkata ga roba da kwamfuta, shi kuma yana bin abin da masana suka rubuta don ya ga inda aka dosa. Wato likita ne mai karanta abin da likitoci suka rubuta a kan yadda ake koya wa likitoci. Ni da nake koyarwa a firamare, ranar na yarda akwai waɗanda suka fi mu iya zagaye-zagaye.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta fara amsa gayyatar Inna. Ta taho daga ƙauye da gwiwa a kumbure. Yaya ya latsa gwiwar, ya ce ta rage ɗaukar kaya, ya ba ta ƙwayoyi. Sai kuma ya ce ta taimaka masa da wani abu: yana so ya ga ko wanda bai yi boko ba zai iya koyon danna ƙirji.

Gwaggo ta leƙa mutumin. "Ɗan nan, shi kuma me ke damunsa?"

"Zuciyarsa ce ta tsaya, Gwaggo."

"Allah sarki. Ashe ni lafiyata ƙalau."

Ta durƙusa a kan gwiwar da ta kawo ta, tana shafa masa ƙirji a hankali.

"Da ƙarfi, Gwaggo! Ki danna sosai!"

"Ni ba zan karya wa baƙo haƙarƙari a gidan yayana ba," ta ce. Ta miƙe da ƙyar, ta yaye mayafinta ta rufa masa, wai akwai mata a gidan.

Rufawar nan ce ta jawo magana. Wata maƙwabciya ta shigo aron rariya, ta ga mutum a miƙe an lulluɓe shi, ta fita ba ta ko yi sallama ba. Kafin la'asar mata sun fara shigowa da carbi a hannu. Baba kuwa a ƙofar masallaci liman ya tare shi yana tambayar ƙarfe nawa za a yi jana'iza.

Baba ya shigo bai ɗaga murya ba. "Likita," ya ce, haka yake kiransa in ransa ya ɓaci, "mutane na neman gawa. Ko ka fito da ita su gani, ko ka fita ka yi musu lacca."

Yaya ya zaɓi lacca. Ya shimfiɗa mutumin a zaure, ya yi ta danna masa ƙirji a gaban dattawan unguwa, suna gyaɗa kai suna cewa ilimi ya yi nisa. Da ya gama, kowannensu ya miƙa masa hannu a auna masa hawan jini.

Gwaggo dai daga baya a asibitin Wusasa aka duba mata gwiwar. Yaya ya koma bariki da kayansa, ya daɗe kafin ya kammala rubutun. Ranar da ya buga waya yana murna, Inna ta tambaye shi me ya gano.

"An gano cewa ana buƙatar ƙarin bincike, Inna."

Ta ce Allah ya taimaka, amma a yi shi a can.