Ruwan Na Bayanka

A ƙauyenmu akwai wata tsohuwar rijiya tsakanin masallaci da kangon cocin mishan. Har daga nesa ake kawo marasa lafiya su sha albarkarta. Dokarta ɗaya ce: ba ka shan gugan da ka jawo. Na bayanka za ka ba, shi kuma ya jawo maka.

Kakata Hajjo ce ta faɗa mana dalili. Bayan isha'i mukan kewaye murhunta, gyaɗa na gasuwa a toka.

"Ga ta nan tafe da ƙafarta," in ji ta.

"Ta iso mu ji, Kaka!"

"Kai mijin banza, matsa, ka tare min wuta. Ba cefane, sai cin gyaɗa!"

Ta ce a wata shekarar fari liman da malamin coci suka haƙa rijiyar, ɗaya na sara, ɗaya na jan ƙasa. Da ruwa ya fito sai mabiyansu suka hau musu: addu'ar wa aka karɓa? Kowane ɓangare ya zo da gugansa. Washegari laka kawai aka jawo. Awaki suka fara mutuwa, mutane suka fara ɗaure kaya. Wata tsohuwa daga ɓangaren liman ta yini tana tatso ruwa rabin ƙwarya. Ta kai baki ke nan ta waiwaya, ta ga matar malamin coci, jaririnta ko kuka ya kasa. Ta miƙa mata.

Nan Kaka za ta kumbura kumatu: "Sai ƙasan rijiya ya ce ɓul! ɓul!" Mu kuwa mu zube da dariya.

Na taɓa tambayarta, "In ni kaɗai na je fa?"

"Sai ka zauna ka jira mutum."

Allah ya ji ƙanta, a lokacin dariyar kawai na ɗauka.

Yanzu da furfurata ina tuƙa motar wani kamfani a Birnin Masana'antu na Biyu, nan Riyad. Hannuna ya saba: in na tari ruwa a na'urar sanyaya ruwan sha, na bayana nake fara ba. Wani mai walda ɗan Filifin, Kirista, ya ishe ni da tambaya, har na ba shi labarin da guntun Larabcina. Ya yi ta cewa "ɓul, ɓul" yana ƙyaƙyatawa.

Wata azahar, zafi kamar bakin tanda, na tarar da shi tsaye shi kaɗai a gaban na'urar, zufa na zuba, kofi cike a hannunsa.

Na ce, "Ya sadik, abokina, me kake jira?"

"Mutum, Haji," ya ce, ya miƙo min.

Na sha. Sannan na tara masa nasa.