Iskokin da Muka Ƙaga a Safana

Aikin koyarwa ne ya kai ni Safana, a shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, aka yi ta buɗe makarantu ana neman mai riƙe alli. Ban san kowa ba a garin. Aka ba ni ɗaki a bayan makaranta, a jere da ɗakunan wasu ma'aikata biyu. Ɗaya malamin dabbobi ne, wani siririn Bafulatani ɗan ƙasar Ruma mai yi wa shanu allura. Ɗayan malamin daji ne, an turo shi daga Katsina ya kula da gandun Rugu. Bayan la'asar babu abin yi, sai mu shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar ƙofar ɗakunanmu mu yi ta dara.

Malamin daji ne ya fara gajiya da darar. Mutum ne mai baki, idan yana ba ka labarin zuwansa kasuwar Batsari sai ka rantse wata duniya ya je. Wata rana ya fito da tsohuwar taswirar ofis, ya kife ta a tabarma, ya zana wata ƙasa a bayanta da biro: garuruwa, rafuka, duwatsu, da wani baƙin daji a gefen yamma. Ya ba kowannenmu ƙwallon tsamiya, ya ce wannan shi ne mutuminka. Ni na zaɓi maharbi. Malamin dabbobi ya ce kiwo ya ishe shi tun yana yaro, shi falke zai zama. Malamin daji shi ne mai ba da labari. Zai ce ga ku a bakin rafi, ruwa ya cika, me za ku yi? Idan ka faɗi abin da za ka yi, sai ka watsa wuri, irin kuɗin da, a tabarma. In yawancinsu suka faɗi a buɗe ka haye, in suka kife ruwa ya tafi da jakinka.

Ba mu daɗe da farawa ba ya ce ƙasar ba ta cika ba sai an yi mata masu ita, waɗanda mutanen cikinta ke bauta wa.

Na ce, "Malam, kada fa mu shiga saɓo."

Ya ce, "Allah ɗaya ne, Malam, ni da kai mun sani. Wannan tatsuniya ce da wuri. Mutanen takarda ne, ba su ji kiran salla ba tukuna."

Bai taɓa sunayen iskokin 'yan bori ba, ya ce waɗannan suna da masu su. Nasa ya ƙaga. Akwai Gwaggon Rijiya, kurma ce, ba ta jin roƙonka sai ka buga gindin guga. Akwai Maƙerin Hadari, mai saurin fushi, mai saurin mantuwa. Wanda ya fi so kuwa shi ne Mai Daji, wani dogon tsoho mai fara'a da ke nuna wa ɓatattu hanya, ya ba su zuma. Mun sha dariya a lokacin. Falken malamin dabbobi har cinikin gishiri ya yi da Gwaggon Rijiya, ta cuce shi.

Da rani ya shigo, manyan motoci suka fara shiga gandun suna fitowa da itace, ana kai wa masu gine-gine a birni. Malamin daji yakan dawo daga aiki fuskarsa a murtuke. Ya ce yakan tsayar da su, su nuna masa takarda daga sama, ya matsa musu su wuce. A wannan lokacin ne ya sauya Mai Daji. Ya ce an sare bishiyar da tsohon ke ajiye muryarsa, don haka yanzu ba shi da murya tasa. Idan yana son ka, sai ya kira ka da muryar wanda ka sani. Ya daina ba da zuma. Abin da yake karɓa kawai shi ne madarar da aka tatso yanzu, a zuba masa a tsagar wani dutse da ya rabe biyu. Wasan ya daina ba mu dariya, amma ba mu daina ba. Gaskiya ma a lokacin ne ya fi kama mu. Maharbina ya taɓa jin muryar mahaifiyarsa daga cikin duhuwa, sai da na waiwaya bayana kafin na watsa wuri.

Wata ranar kasuwa ƙanen mahaifin malamin dabbobi ya zo daga ruga, dattijo mai farin gemu. Bayan an gaisa an tambayi shanu da mutan gida, ya zauna a gefen tabarma yana jan carbi yana kallonmu. Malamin daji na cikin bayanin dutsen da madarar, sai na ga carbin ya tsaya.

Dattijon ya ce, "Yaro, wa ya gaya maka wanga?"

"Babu kowa, Baffa. Ni na ƙaga shi."

"Kiran da muryar wani ma kai ka ƙaga?"

"Ni ne, Baffa."

Ya juya ya yi wa ɗan wan nasa magana da Fulatanci, gajeriya, sannan ya ɗauki sandarsa ya tafi, ko furar da aka kawo masa bai taɓa ba. Sai da muka matsa wa malamin dabbobi sannan ya faɗa mana. Ya ce akwai dutse irin wannan a bayan Ruma. Mutanen da can, kafin su musulunta, sukan zuba madara a wurin, kuma kakanni sukan hana yara amsa kira a wannan yanki sai sun ga fuskar mai kiran. Shi kansa bai taɓa ji ba sai ranar. Ya tura ƙwallon tsamiyarsa tsakiyar takarda, ya ce falkensa ya yi ritaya.

Ni tsoro na ji. Malamin daji kuwa murna ya yi, idonsa har ƙyalli yake. Ya ce wataƙila ya taɓa ji a bakin wani makiyayi ya manta, amma dole ya ga wurin. Ya dame ni har na yarda na raka shi ranar Asabar.

Mun tafi a babur ɗinsa da hantsi. Bayan Ruma muka ajiye shi a wata ruga, wata mata mai dakan gero ta nuna mana hanya da haɓa. Muka bi sawun shanu, muka ratsa inda motoci suka yi sara, kututture ko'ina. Dutsen bai kai girman ɗaki ba, ya rabe biyu kamar an sa gatari. Rana na tsaka, amma babu kukan tsuntsu ko ɗaya. A bakin tsagar akwai farin layi kamar na madara da ya gangara ƙasa, ƙudaje sun yanyame shi. Na sa yatsa na taɓa. Da danshi.

Muna tsaye sai malamin daji ya ɗaga kai, ya juya yamma.

Ya ce, "Ashe ya biyo mu. Ka ji shi?"

"Wa?"

"Malamin dabbobi mana. Ga shi can yana kirana."

Ni ban ji komai ba sai ƙudajen. Ya buɗe baki zai amsa, na damƙi hannun rigarsa na ce mu tafi, azahar ta yi. Ya biyo ni yana waiwaye. Da muka iso Safana muka tarar da malamin dabbobi a ƙofar ɗakinsa yana wanke allurai, ya ce tun safe bai fita garin ba.

Kafin mako ya zagayo magana ta bazu cewa malaman gwamnati na duba da wuri a gindin tsamiya. Liman ya aika aka kira mu zaurensa. Bai yi faɗa ba. Ya saurari malamin daji har ya gama, sannan ya ce, "Na yarda wasa ne. Amma abin da kakanninmu suka sha wuya kafin su rabu da shi, ban ga dalilin da za ku yi ta kiransa kullum bayan la'asar ba, ko da wane suna."

Muka ce, "Allah gafarta Malam, mun bari."

Mu biyu mun bari. Malamin daji kuwa nakan gan shi ta taga da rana tsaka, taswirar a cinyarsa, yana watsa wuri shi kaɗai yana motsa baki. Surutunsa ya ragu. Idan ka kira shi daga baya ba ya amsawa sai ya juyo ya dube ka sosai.

Gab da faɗuwar damina ya fita aiki wata safiya bai dawo ba. Aka tsinci babur ɗinsa a jingine da kututture, makulli a jiki. Dagaci ya tara maharba aka shiga nema. Bayan 'yan kwanaki wasu makiyaya suka kawo shi a kan jaki, ba takalmi, leɓɓansa sun tsage, jikinsa zafi kamar garwashi. A asibiti aka ce zazzaɓi ne ya juya masa kai ya ɓata hanya, kuma mai yiwuwa haka ne. Na je duba shi da ya fara samun sauƙi. Na tambaye shi abin da ya raba shi da babur.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kai ne ka kira ni, Malam."

Na ce ina aji ranar, yara shaida ne.

Ya ce, "Na sani."

Yayansa ya zo daga Katsina ya tafi da shi a motar kasuwa, bai sake dawowa aikin daji ba. Daga baya na ji yana sayar da yadi a birni, ya yi aure, lafiyarsa ƙalau. Na taɓa wucewa ta layin shagonsa, na hango shi yana auna wa wata mata atamfa. Na tsaya a tsallaken titi ina tunanin yadda zan yi masa sallama, har wani mai kura ya ce in ba shi hanya.