Kalar Iska

Mahaifinmu mutum ne mai tsantseni, har ya so ya yi yawa. Lokacin da maƙwabtanmu a Ƙofar Wambai suke ja wa juna wayar lantarki ta kan katanga, mu da fitilar ƙwai muke zama, don ya ce ba za a shigo masa da wutar sata gida ba. Da idonsa ya tafi, sai ya daina fita zaure, ya koma ɗaki ya yi shiru. Shirun nan ya fi makantar ɗaga mini hankali.

Autarmu tana karatun injiniya a Yelwa. Baba bai hana ta ba, amma bai taɓa tambayarta abin da take koyo ba, kuma na san abin yana ci mata rai. Ana gobe azumi ta zo da wani tarkace da ta haɗa: siririyar waya nannaɗe a guntun fayif, da ɗan abin sawa a kunne, da wata doguwar waya da ta ɗaure a bishiyar darbejiyar tsakar gida. Wai rediyo ce, ba batir, ba lantarki. Na tsokane ta, na ce ko aljanu ne za su yi mana tafsirin bana.

Ta sa wa Baba a kunne. Ya ji muryar mai jan baƙi can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya, sai ya cire ya ajiye. Ya tambaya wutar wa take ci. Auta ta yi ta bayani cewa gidan rediyo ne ke watsa ƙarfin a iska, ita tsinta kawai ta yi. Nan ta ɓata rawarta da tsalle, don a wurin Baba tsintuwa ba ta halatta sai an yi cigiya. Na ga idonta ya kawo ruwa.

Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Masu shi sun san yana zuba?"

"Sun sani, Baba. Don a ɗauka suka watsa."

"To ba tsintuwa ba ce. Kala ce, irin ta gona bayan an gama girbi. Miƙo."

Azumin bai yi nisa ba ya sa aka ƙara wa wayar tsawo ta kai zaure, don abokansa su ji. Wata la'asar ni da Auta muna bayan ƙofa, muka ji wani ya tambaye shi inda ya sayi wannan abu.

"Ba a sayarwa," in ji Baba. "'Yata ce ta haɗa. Abin da take karantawa ke nan."

Auta ta toshe baki da mayafi. Ni har yau ina gode wa Allah da Baba ya faɗi haka tana ji.