Esta Mai Burukutu da Teburin Ubangiji

Duk wanda ya zauna a Iku tun kafin gidajen haya su cinye gonakin doya ya san Esta. In bai san fuskarta ba, ya san hayaƙin gidanta, don wuta ba ta mutuwa a ƙarƙashin manyan tukwanenta. Burukutu take dafawa. Ba gadonsa ta yi ba, ba kuma sha'awa ce ta kai ta ba. Mota ce ta buge mijinta a hanyar Kaduna, ya bar mata 'ya'ya huɗu da rumbun dawa guda. Ta dubi dawar, ta dubi yaran, ta ga in tuwo za a riƙa tuƙawa ba za ta kai su damina ba. Sai ta jiƙa ta, ta yi tsiro.

Dokar ikilisiyarsu ba ta da kwana-kwana: mai sha, da mai sayarwa, da mai dafawa, babu wanda zai ci Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake raba wa masu bi a coci. Ba wanda ya kore ta daga coci. Kowace Lahadi tana nan da ɗankwalinta a goge, muryarta ta fi ta kowa tashi a waƙa. Amma ranar Jibi, da an gama wa'azi an sallami waɗanda ba za su ci ba, sai ta tashi ta bi sahun yara ta fita. Ba ta tafiya gida. Takan jingina da bango ta waje, kusa da taga, tana jin ƙarar ƙananan kofuna a kan faranti. Haka ta yi har 'yar autarta Stella ta zama budurwa.

Abin da ke ƙona rai shi ne, cikin masu zama su ci ɗin nan akwai waɗanda jarkokinsu ke shigowa gidanta ta ƙofar baya. Su da tsarkinsu, wai kunu aka aiko saye! Ta san su ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa tona kowa ba. Ba ta kuma taɓa zagin dokar ba, don ta ga abin da giya ke yi wa magidanta, a tsakar gidanta ma take gani. In mata suka zuga ta, sai ta ce, “Dokar tana da gaskiya. Ni ce ban samu hanya ba tukuna.”

Hanyar ta zo da Stella ta gama karatun jinya ta samu aiki a Abuja. Ta dawo ta ce, “Mama, ya isa. Kashe wutar nan.” Esta ta kashe, ta rabar da tukwanen, ta nufi gidan Fasto Tanimu da murna kamar yarinyar da aka yi wa sabon takalmi. Fasto ya yi mata bayanin ƙa'ida: dattawan ikilisiya za su zuba mata ido na wani lokaci, in sun gamsu sai ta tsaya gaban jama'a da ƙafarta ta furta tubanta, a karɓe ta. Ta ce ko nawa ne lokacin za ta jira, ai jiran ta iya. Har zane ta ɗinka ta ajiye don ranar.

Ana cikin haka tuwo ya fara tsaya mata a wuya. Ta koma shan kunu, kunun ma ya zama sai an tsinka shi. Stella ta kai ta asibiti, aka ce ciwon daji ne a maƙogwaro, kuma ya yi nisa. Kafin a yi girbi Esta ta kwanta, ko ƙofar ɗaki ba ta iya kaiwa sai an riƙe ta.

Nan magana ta rabu biyu, tana kwance labari yana iske ta. Fasto Tanimu ya ce a kai mata Jibin har gida. Ya ce teburin nan ba ladan masu tsabta ba ne, ba wanda ya sayi gurbinsa a kai, alherin Yesu ne ya zaunar da kowa. Shekwolo, babba a cikin dattawa, ya ƙi. Ba mugu ba ne. Giya ce ta kashe ƙanensa, ya binne shi da hannunsa. Ya ce in aka buɗe wa Esta ba tare da ta tsaya gaban jama'a ba, sauran masu dafawa za su ce ashe a yi ta yi kawai, a tuba a kan gado. Aka yi zama, aka tashi, aka sake zama, ita kuwa tana ta ramewa.

Da Fasto ya zo duba ta, ita ce ma mai ba shi haƙuri. “Kada ka ɓata da dattawa saboda ni,” in ji ta, muryar da ƙyar take fita. “Zan samu sauƙi in zo in tsaya.” Amma da ya fita ta juya fuska bango ta yi kuka, don tana so, tana so ƙwarai, kuma ta san ba za ta tashi ba.

Wata Asabar Shekwolo ya zo da kansa, don ya gani da idonsa. Ya shiga da sallama, ya ga abin da ya rage na matar. Ya zauna a gefen gadon yana kallonta. Da zai tafi ya ce wa Stella, “Ki gaya wa Fasto gobe mu zo tare. Ni zan riƙo farantin.”

Suka zo bayan an tashi daga coci, rana ta take. Stella ta tallafo uwarta ta jingina ta a ƙirjinta. Fasto ya yi addu'a, ya gutsuro gurasa 'yar mitsitsiya ya sa mata a baki. Esta ta lumshe ido. Ta yi ƙoƙarin haɗiyewa, wuyanta ya motsa, gurasar ba ta wuce ba. Aka ɗiga mata ruwan inabin ko zai tura ta, ya dawo ta gefen baki ya gangaro kan hannun Stella. Ta sake gwadawa har gumi ya keto mata, tari ya sarƙe ta.

“Mama, fito da ita, za ta shaƙe ki,” in ji Stella tana hawaye.

Esta ta girgiza kai. Ta tura gurasar gefen kunci, ta dubi Shekwolo, ba Fasto ba, ta tambaya a tsorace, “Baba, in na fito da ita, laifi ne?”

Dattijon ya dubi farantin da ke hannunsa. Ya ajiye shi ƙasa, ya durƙusa a gaban gadon, ya tara tafin hannunsa a ƙarƙashin haɓarta.

“Babu laifi, Esta,” ya ce. “Kin ci. Mu ne muka makara.”